Dala Ashirin Zuwa Bayan Teku

Ni baduku ne, a Birni aka binne cibiyata.
Na san kuɗin fatar akuya ko da ido rufe,
amma kuɗin murya,
sai da Mutari ya haye teku na koya.

Shekarar farko a shagon Kalla nake bugawa.
Agogo a bango, ina kallonsa, yana cin aljihuna.
"Kana lafiya?" Jika guda ta tafi.
"Ya sanyin can?" Wata ta bi ta.
Kafin mu kai ga maganar da ta kawo ni,
ƙit, layi ya yanke.
Sai in fito da gaisuwa zalla,
kamar wanda ya je Kasuwar Dole
ya dawo da leda ba komai ciki.

Sai muka yi dabarar marasa hali.
Ƙara ɗaya: ina nan, da rai.
Ƙara biyu: saƙo ya iso.
Ƙara uku: nemo ni, akwai magana.
Ba mai ɗauka, ba mai biya.
Shekara biyu muna hira haka,
kamar maƙwabta masu ƙwanƙwasa bango.

Ran da Tsahara ta cika, na buga uku.
Na sake buga uku.
Yana gonar tumatir, wayar tana cikin jaka.
Da ya kira, har mun wanke ƙafa daga maƙabarta.
Minti goma sha ɗaya ya biya,
bakwai daga ciki shiru ne.

Yanzu Baraka ce malamata,
'yarsa da ya bari tana rarrafe.
Ta ce, Kaka, akwai forfen dare,
dala ashirin, daga sha biyu har asuba.
Ta danna tauraro, ta danna lambobi,
yatsunta sun fi basillata sauri.

Rezo ba ya shiga ɗakin ƙasa,
sai mu hau dutsen bayan gida,
ni da sanda, ita da tocila.
Damagaram tana kwance ƙarƙashinmu,
rabi da wuta, rabi an ɗauke.
Ashe ba mu kaɗai ba ne:
matar Ari direba tana yi wa Sabha raɗa,
wani saurayi yana yi wa Jidda dariya.
Kowa da dutsensa, kowa da nesansa.

Fuskar ta fito, ta daskare baki buɗe,
ta wargaje gida-gida kamar saƙar tabarma,
ta dawo.
Muryar kan zo a makare.
In tambayi aiki, ya amsa mini batun ruwa.
Mu fara tare, mu tsaya tare,
kowa na cewa, faɗi, ina jin ka.
Na ga fari a gemunsa.
Baraka ta ce rezo ne.
Na ƙyale ta.

Daren da abin ya ƙi, sai saƙon murya.
Arba'in da ɗaya na tara.
Waya ta ce ta cika, a rage kaya.
Na ce a goge hotunan takalman da nake talla.
Akwai guda, daƙiƙa tara kacal,
tari, ƙarar mota, sannan
"Baba, ka dai ci abinci?"
Wannan ba ya cin ko dala,
ko sau nawa na kunna.

Shekaranjiya ya ce, bana in Allah ya yarda.
Haka ya ce bara.
Ban yi gardama ba, minti na tafiya.
Na dai yanka fata daidai ƙafarsa,
ƙafar da na sani, ta shekara tara baya,
na ƙara yatsa guda, ko ta buɗe.

Da asuba, ina ɗaure bakin jakar aiki,
wayar ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru.
Na goge hannu a riga,
na mayar masa da ɗaya.